Tantancewar gaggawa a likitancin dabbobi

Tantancewar gaggawa a likitancin dabbobi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tiriyaj, hanya ce ta duba dabbobin da aka kawo asibiti cikin sauri domin a jera su bisa girman hatsarin da rayuwarsu ke ciki, a fara da wadda jinkiri zai iya kashewa. Ba a bin layin wanda ya riga zuwa, kuma tsadar dabba ko matsayin mai ita ba sa cikin lissafi. Likitan dabbobi ko ma'aikacin jinya da ya samu horo ne ke yin aikin, kuma duban farko bai cika wuce minti ɗaya zuwa biyu ba. A wannan ɗan lokaci ba a neman sunan cutar. Abin da ake son sani shi ne ko dabbar za ta iya jira ko ba za ta iya ba.

Tsarin ya dogara ne a kan sassa uku na jiki waɗanda gazawarsu ke kisa cikin mintuna: numfashi, zagayawar jini da ƙwaƙwalwa. Saboda haka abin da ya fi tayar wa mai dabba hankali ba lallai ba ne ya zama shi ya fi hatsari. Kare da farcensa ya karye yana ta kuka, jini ya ɓata ƙasa, yana iya jiran awa biyu ba tare da ya cutu ba. Kyanwar da ta yi shiru a cikin kwali tana numfashi da baki a buɗe kuwa tana iya mutuwa kafin a gama rubuta sunan mai ita.

Asalin kalmar da tarihi

Kalmar tiriyaj ta fito daga Faransanci, daga aikatau trier, wato ware abubuwa ko zaɓe su iri-iri. Shigarta aikin likita ana danganta ta da Dominique Jean Larrey (1766–1842), babban likitan tiyata a rundunar Napoleon, wanda ya kafa ƙa'idar a fara yi wa sojan da rauninsa ya fi tsanani magani ko da kurtu ne, ya kuma ƙirƙiro kekunan doki masu ɗauko majinyata daga fagen fama. Tsarin ya bazu a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya shiga sassan gaggawa na asibitocin farar hula.

A cikin shekarun 1990 likitoci da ma'aikatan jinya na birnin Manchester a Ingila suka fitar da tsari mai launi biyar: ja a duba nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin minti 60, kore cikin minti 120, shuɗi cikin minti 240. Likitancin dabbobi ya aro daga irin waɗannan tsare-tsare bayan kula da gaggawa ta zama fanni mai zaman kansa. A Amurka an kafa kwalejin ƙwararrun wannan fanni, ACVECC, a 1989. A 2012 wasu masu bincike a Turai suka wallafa jerin tantancewa na dabbobi da aka gina a kan tsarin Manchester, bayan gwada shi a kan karnuka da kyanwowi 485. Binciken ya nuna cewa bin rubutaccen jeri ya fi dogaro da hasashen ma'aikaci kusantar hukuncin ƙwararru.

Bambanci da tantance mutane

Dabba ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, don haka komai yana fitowa ne daga abin da ido ya gani, abin da hannu ya taɓa, da bayanin mai ita. Dabbobi da yawa, musamman kyanwa, zomo, tsuntsaye, tumaki da awaki, suna ɓoye rashin lafiya har sai ta ci ƙarfinsu. Kuma alƙaluman lafiya sun bambanta ƙwarai tsakanin jinsi da jinsi: bugun zuciya 40 a minti lafiya ce ga doki, amma ga kyanwa alamar mutuwa ce ta kusa.

Akwai kuma batun tsaro. Dabbar da ke cikin azaba tana cizo, yaƙushi ko harbi, ko da a gida mai sanyin hali ce. Ana sa wa kare takunkumi kafin a ɗaga shi, sai dai ba a sa wa wanda numfashi ke yi wa wuya ko wanda ke amai, domin zai iya shaƙewa.

Tantancewa ta waya

Sau da yawa aikin yana farawa tun dabbar tana gida. Wanda ya ɗauki wayar yana tambayar jinsin dabbar da shekarunta, abin da ya faru da lokacin da ya faru, yadda take numfashi, ko tana iya tsayuwa, launin dasashinta, da ko ta ci wani magani ko guba. Ana umartar a kawo dabba ba tare da ɓata lokaci ba idan akwai:

• wahalar numfashi, ko dasashi ya koma fari ko shuɗi-shuɗi
• faɗuwa, suma ko kasa tashi
• farfaɗiyar da ta wuce minti 5, ko ta yi ta dawowa a rana ɗaya
• zubar jinin da ya ƙi tsayawa
• kumburin ciki na farat ɗaya tare da yunƙurin amai babu abin da ke fita
• yunƙurin fitsari babu ko ɗigo
• naƙuda mai ƙarfi ta minti 30 a karya ko kyanwa ba tare da ɗa ya fito ba
• bugewar mota, faɗowa daga tsayi, ƙuna, saran maciji ko cin guba

Ana kuma ba da shawarar taimakon farko: a danne wurin da ke zubar da jini da tsabtataccen ƙyalle, a ɗauki dabbar da mota ta buge a kan katako ko bargo ba tare da lanƙwasa bayanta ba, a jiƙa wadda zafi ya kayar da ruwa mai sanyi tun kafin a kamo hanya, a taho da kwalbar ko kwalin abin da ta ci. Ana gargaɗin kada a ba dabba maganin mutane. Farasitamol, alal misali, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Duban farko

Da isowar dabba, ma'aikacin yana fara kallonta daga nesa kafin ya taɓa ta, domin kamu yana canza numfashi da bugun zuciya. Daga nan sai ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya.

Numfashi. Ana duba ko hanyar iska a buɗe take, yawan numfashi da irin wahalar da ake sha wajen jan sa. Miƙar da wuya, buɗe hammata, ƙin kwanciya da motsin ciki mai ƙarfi duk alamun tsanani ne. Ƙara mai kama da minshari ko fito yayin jan iska tana nuna toshewa a maƙogwaro, numfashi gajere mai sauri tare da raunin sauti a ƙirji kuma yana nuna iska ko ruwa ya taru a kewayen huhu. Haki abu ne da aka saba gani ga kare, amma kyanwa mai numfashi da baki ana ɗaukar ta a matsayin mai hatsari har sai an tabbatar da akasin haka. Shuɗin dasashi yana bayyana ne a makare, kuma ba ya fitowa sosai a dabbar da jininta ya yi ƙaranci, don haka rashinsa ba ya nufin lafiya. Irin wannan dabba ana ba ta iskar oksijin a bar ta ta natsu. Danne ta domin ɗaukar hoton ƙirji na iya zama ajalinta.

Zagayawar jini. Ana duba abubuwa shida: hankalin dabbar, launin dasashi, lokacin dawowar jini, yawan bugun zuciya, ƙarfin bugun jijiya, da ɗumin ƙafafu. Lokacin dawowar jini ana auna shi ne ta danna dasashi da yatsa har ya yi fari, a saki, a ƙirga. Daƙiƙa 1 zuwa 2 shi ne daidai, wuce haka yana nuna jini ba ya isa sassan jiki. Wannan yanayi shi ake kira shok. A kare yana farawa da saurin bugun zuciya, yayin da hawan jini ke iya zama daidai na ɗan lokaci saboda jiki yana ƙoƙarin cike giɓin. Kyanwa kuwa ta saba nuna akasin haka: bugun zuciya ya sauka, jiki ya yi sanyi, ƙarfin jini ya faɗi. Dasashi ja jawur yana iya nuna ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko zafi ya yi yawa, rawaya yana nuna matsalar hanta ko fashewar ƙwayoyin jini.

Ƙwaƙwalwa da laka. Ana lura ko dabbar tana sane da kewayenta, ko ta yi laushi, ko sai an tsunkule ta take motsi, ko ba ta motsi sam. Ana duba girman ƙwayar idanu biyu da yadda suke amsa haske, da ko tana iya tafiya. Dabbar da ƙafafunta suka shanye ana matsa yatsanta domin a gane ko tana jin zafi, kasancewar rasa wannan ji alama ce ta mummunan rauni a laka.

Ciki da mafitsara. Ana taɓa ciki a ji ko ya cika da iska, ruwa ko yana ciwo. Cututtuka biyu sun shahara a nan. Ta farko ita ce kumbura da murɗewar tumbi a manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin su karen Jamus na 'yan sanda, inda tumbin da ya cika da iska ke danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Sai an rage iskar, an yi ƙarin ruwa, an yi tiyata cikin sa'o'i. Ta biyu ita ce toshewar hanyar fitsari a muzuru, wadda masu shi kan ɗauka taurin bayan gida ne. Idan fitsari bai fita ba, sinadarin fotasiyam yana taruwa a jini har ya tsayar da zuciya.

Kimanin alƙaluman manyan dabbobi masu lafiya a lokacin hutu:

• Kare: bugun zuciya 60 zuwa 140 a minti, gwargwadon girma, zafin jiki kusan digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas
• Kyanwa: 140 zuwa 220, kusan digiri 38 zuwa 39
• Doki: 28 zuwa 44, kusan digiri 37.5 zuwa 38.5
• Saniya: 48 zuwa 84, kusan digiri 38 zuwa 39.3
• Tunkiya da akuya: 70 zuwa 90, kusan digiri 38.5 zuwa 40

Zafin jikin kare da ya haura digiri 41 yana iya lalata ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanji.

Rukunonin launi

Kowane asibiti yana da nasa tsari, amma akasari sun yi kama da wannan:

• Ja, nan take: tsayawar zuciya ko numfashi, toshewar maƙogwaro, farfaɗiyar da ake cikin yi, doguwar suma, jini mai tsartuwa, shok mai tsanani.
• Ruwan lemo, cikin kimanin minti 15: azaba mai tsanani, toshewar fitsari, cin guba kwanan nan, naƙudar da ta tsaya, idon da ya fito daga gurbinsa.
• Rawaya, cikin minti 30 zuwa 60: karayar da ta ɓullo fata a dabbar da numfashinta da jininta ke daidai, amai ko zawo mai yawa da ƙarancin ruwa a jiki.
• Kore, cikin kimanin awa 2: ɗan ɗingishi, ƙaramin yanka, ƙaiƙayi, ciwon kunne.

Cin guba yana samun matsayi mai girma ko da dabbar tana wasa, domin sa ta amai yana da amfani ne kawai a sa'o'in farko, galibi biyu. Ba a sa amai idan abin da aka sha mai ƙona maƙogwaro ne ko dangin kananzir da fetur.

Launin da aka ba dabba ba na dindindin ba ne. Karen da mota ta buge yana iya shigowa da ƙafarsa alhali saifarsa na zubar da jini a ciki, ko huhunsa ya ƙuje, alamun su bayyana bayan sa'o'i. Shi ya sa ake sake duba masu jira lokaci-lokaci, ana kuma roƙon masu dabbobi su yi magana da zarar sun ga canji.

Ma'aunan maki

An ƙirƙiro ma'aunai domin rage bambancin hukunci tsakanin ma'aikata. Ma'aunin ATT na dabbobin da suka ji rauni ya fito daga Jami'ar Pennsylvania a 1994. Yana ba da maki 0 zuwa 3 ga fannoni shida: isar jini sassan jiki, zuciya, numfashi, ido da tsoka da fata, ƙashi, da ƙwaƙwalwa. Jimlar tana tsakanin 0 da 18, kuma a binciken farko kowane ƙarin maki ɗaya ya rage yiwuwar rayuwa fiye da ninki biyu. Ga raunin kai ana amfani da ma'aunin suma na Glasgow da aka gyara domin karnuka, mai maki 3 zuwa 18. Wani bincike na 2001 ya nuna cewa kare mai maki 8 yana da yiwuwar rayuwa kusan kashi 50 cikin 100 a sa'o'i 48 na farko. Akwai kuma lissafin raba bugun zuciya da ƙarfin hawan jini, wanda idan ya haura 1 a kare ake zargin shok tun bai fito fili ba. Waɗannan ma'aunai suna taimaka wa hukuncin likita ne, ba a yanke shawarar rayuwa ko mutuwar dabba ɗaya da su kaɗai.

Abin da ke biyo baya

Dabbar da aka sa a ja ana wucewa da ita ɗakin jinya kai tsaye. Idan ba ta motsi kuma ba ta numfashi, ana fara danna ƙirji ba tare da ɓata lokaci wajen neman bugun jijiya ba. Ƙa'idojin RECOVER, waɗanda aka fitar a 2012 aka sabunta a 2024, sun tanadi danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, da hura iska sau 10 a minti idan an sa bututu a maƙogwaro, ana canza mai dannawa duk minti 2. Duk da haka, karnukan da ke komawa gida bayan tsayawar zuciya ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a yawancin rahotanni, abin da ke nuna cewa babban amfanin tantancewa shi ne gano dabbar kafin ta kai wannan mataki.

Ga sauran, ana ba da oksijin, a sa allurar ƙarin ruwa a jijiya, a ba da maganin kashe zafi, a ɗebi ɗan jini domin auna kaurinsa, sukari, laktet da gishirin jiki. Ana ba da ruwa kaɗan-kaɗan ana dubawa: kimanin mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo a kare, 5 zuwa 10 a kyanwa. Ana kuma yin sikanin na 'yan mintuna a gefen tebur domin neman jini ko ruwa a ciki da ƙirji. Sai dabbar ta daidaita ake yin cikakken dubawa daga hanci har wutsiya.

Manyan dabbobi da garke

A aikin shanu, dawaki, tumaki da awaki, likita ne ke zuwa wurin dabba, don haka tantancewa tana nufin zaɓen kiran da za a fara amsawa. Kumburin tumbi a saniya, wanda ake gani a kwiɓin hagu, yana hana numfashi kuma yana iya kisa cikin awa ɗaya. Ana zura tiyo ta baki, idan abin ya yi tsanani a huda kwiɓin. Fitowar mahaifa bayan haihuwa da faɗuwar saniya saboda ƙarancin kalsiyam su ma ba sa jira. Doki ba ya iya amai, saboda haka mai ciwon ciki da bugun zuciyarsa ya haura 60 ana gaggauta zura masa tiyo ta hanci don kada tumbinsa ya fashe. Goɗiya tana haihuwa cikin minti 20 zuwa 30 da fashewar faya, jinkiri bayan haka yana barazana ga ɗan. Maraƙi mai zawo da ke tsaye yana tsotso ana iya ba shi ruwan gishiri da sukari ta baki, wanda ya kwanta ya daina tsotso kuwa sai ƙarin ruwa ta jijiya.

A Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, ragunan da ake turkewa domin Layya suna yawan fuskantar matsaloli biyu na gaggawa: tsamin tumbi sakamakon cin hatsi da yawa a lokaci ɗaya, da toshewar fitsari saboda tsakuwar da ke samuwa idan dusa ta yi yawa a abinci. Ana kuma samun gubar maganin kaska da na feshin gona, wadda ke sa dalalar miyau da karkarwa, da saran kububuwa. Asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna cikin wuraren da ake tura dabbobin da ke buƙatar tiyata.

Cututtuka masu yaɗuwa

Tantancewa ta haɗa da ware dabbar da ka iya harbin wasu. Ɗan kwikwiyo mai zawon jini da ba a yi masa rigakafi ba ana raba shi da sauran karnuka saboda cutar farbo. Dabbar da halinta ya canza farat ɗaya, tana dalala ko ta kasa haɗiya, ana zargin ciwon haukan kare, ba a kuma zura hannu a bakinta. Saniyar da ta mutu ba zato, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta saboda cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa. Najeriya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke yankin Suleja a watan Yulin 2023.

Lokacin bala'i

Idan majinyata sun fi ƙarfin ma'aikata da kayan aiki, manufa tana komawa ceton mafi yawa, sai a ƙara rukunin waɗanda ba za su rayu ba ko da an yi magani. Bayan gobarar dajin Ostareliya ta 2019 zuwa 2020, an riƙa ware dabbobin da suka ƙone gwargwadon raunin kofato, fuska, nono da huhu: wasu a kashe su nan take domin sauƙaƙa musu, wasu a kai mahauta, wasu a yi musu jinya. A watan Yunin 2000, nutsewar jirgin ruwan Treasure kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu ta shafa wa tsuntsayen fengwin kusan 19,000 mai, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka kama an mayar da su teku bayan jinya. A Amurka, guguwar Katrina ta 2005 ta sa aka yi doka a 2006 da ta sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a.

Kuɗi, yarda da kurakurai

Mai dabba ne ke biyan kuɗin magani kuma shi ke ba da izini, don haka ana tambayarsa tun da wuri ko ya amince da matakan farko da kuma yunƙurin farfaɗo da zuciya. Ƙa'idar aikin a ƙasashe da yawa ta wajabta ba da taimakon farko da rage azaba. Inda babu fatan warkewa, likita yana iya ba da shawarar kashe dabbar da allura ba tare da wahala ba. Ga dabbobin ci, masu su kan gaggauta yankawa kafin ta zama mushe, kuma a nan likita yana bayyana ko cutar ko maganin da aka riga aka yi ya sa naman ya zama hatsari ga mutane.

Kuskure iri biyu ne. Ɗaga matsayin dabbar da ba ta cikin hatsari yana cinye lokaci da kayan aiki. Rage matsayin wadda ke cikin hatsari kuwa yana iya jawo mutuwa, shi ya sa idan an yi kokwanto ake sa dabba a rukuni na sama.

Duba kuma

• Likitancin dabbobi
• Taimakon farko
• Ciwon haukan kare
• Dominique Jean Larrey